Gwaggo Dije da Kyanwar da Ta Sha Rubutu

Ana cikin kiran la'asar, ranar Alhamis, a shekarar da aka fara maganar hanyar jirgi za ta iso Gusau, kyanwar Gwaggo Dije ta shanye rubutuna. Daga wannan lokacin ne zaman gidanmu na Nahuce ya karkace.

Ku da kuka riski Gwaggo ba sai an gaya muku halinta ba, amma saboda yaran da aka haifa daga baya, bari in faɗa. Ƙanwar kakanmu ce, ita ta goyi Baba, shi ya sa kowa a gidan Gwaggo yake ce mata. Aure ya kai ta Tsafe, ta daɗe a can, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu ta gama takaba, sai ta dawo wajenmu da ƙullin kaya a kai da lefe, wato ɗan kwandon kaba, a hannu. A cikin lefen akwai wata kyanwa toka-toka mai tsagaggen kunne ɗaya. Sunanta 'Yar Tsafe. Gwaggo ba ta fita ko nan da rijiya sai ta yi mata sallama.

"'Yar Tsafe, zan leƙa gidan suna. Ki lura da ɗaki, kada kaji su shiga."

In ta dawo kuma sai ta tambaye ta ko an yi baƙi.

Ni a lokacin na sauke Alƙur'ani, na shiga ƙananan littattafai a gaban Baba. Karatu ba ya ba ni wuya, magana ce ke ba ni. Da an ce in biya a gaban mutane sai murya ta maƙale. Baba ya ga abin ya yi yawa, ya yi mini rubutu a allo, ya wanke, Inna ta zuba madara a ciki don ya shiga da daɗi. Aka ajiye a ƙoƙo a bakin ɗaki, aka rufe da faifai. Na je alwala, na dawo na tarar da faifai a ƙasa, ƙoƙo tas, kyanwa tana lasar gashin baki.

Baba ya yi salati. Gwaggo kuwa ta tafa hannu.

"Rabonta ne ya rantse. Dama tana jin Hausa, yanzu kuma sai abin da Allah ya yi."

"Gwaggo, dabba ce," in ji Baba. "Sauti take ji, ba magana ba."

"Isa, na goye ka ba ka san hagunka da damanka ba, ina yi maka magana kana dalalar da miyau a bayana. Da na ce sauti kake ji na yi shiru, da yau babu wannan rawanin."

Baba ya koma zaure. Ni kuma aka sake mini wani rubutun, wannan karon babu madara.

Tun daga ranar Gwaggo ta kafa doka a tsakar gida. Tunda kyanwa ta ƙara fahimta, ba a faɗin sunan man shanu a gabanta. Gwaggo tana ajiye nata a ƙwarya, rataye a ragaya, ba ta ɗiba sai da kan tsinke, don haka ta ce daga yau sunansa "baƙon sama". Inna ta bi doka. Ranar farko ta ce, "Hadiza, sauko mini da baƙon sama." Kafin in sauke ƙwaryar, 'Yar Tsafe ta iso tana zagaya ƙafata.

Na lura da kyau, na ga ba maganar take bi ba. Igiyar ragaya tana wata 'yar ƙara in an taɓa ta, ita ce ke taso ta ko daga bayan rumbu. Na gaya wa Gwaggo a hankali.

"A'a, 'yar malam. Sabon sunan ta gane. Ku ne ba ku iya riƙe asiri ba."

Sai aka sake suna. Ta gane, aka sake wani. Kafin damina ta faɗi, man shanu ya yi sunaye har mun rikice. Wata rana Inna ta nemi "mai gidan tudu" za ta sa a miya, na miƙa mata kanwa. Miyar ranar ko kyanwar ba ta sha ba.

Abin ya tsaya mini a rai, don ni ba na son magana ta wuce ban san gaskiyarta ba. Sai na riƙa gwada ta in Gwaggo ta fita. In zauna nesa kaɗan, tana kwance ta ba ni baya, in ce, "Turmi." Shiru. "Taɓarya." Shiru. "Tsintsiya." Ko motsi. Da na ce "'Yar Tsafe", sai kunnen nan tsagagge ya juyo wajena, amma ita ko kai ba za ta ɗaga ba. Na tabbata ta san sunanta. Sai na ƙara wani gwajin. Na tausasa murya kamar ta Gwaggo, na ce, "Zo nan, ɓarauniya, mai idon kwaɗayi, Allah ya shirye ki." Ta taso da gudu tana goga kai a gwiwata. Na daka mata tsawa na ce, "Allah ya yi miki albarka!" Ta haye katanga.

Na kai wa Baba rahoto. Rabon da in ga ya yi farin ciki haka tun ranar saukata. Ya kama hannuna har ɗakin Gwaggo, ya sa na maimaita.

"Kin ji ko, Gwaggo? An zage ta ta zo, an sa mata albarka ta gudu. Ina jin maganar?"

Gwaggo ta ci gaba da kaɗi, ko kallonmu ba ta yi ba.

"'Yar Tsafe sa'ata ce. Hadiza jika ce gare ta. Jika ta zagi kaka, ai wasa ne, wa zai yi fushi? Albarka kuwa, ina aka taɓa jin yaro ya sa wa babba albarka? Rashin kunyar ce ta kore ta."

"To ni me ya sa in na ce ta fita daga zaure ba ta fita?"

"Ta ji ka sarai. Ji daban, yi daban. Kai tun yaushe nake cewa ka gyara mini jinkar ɗaki?"

Washegari aka gyara jinka.

Da abin ya tsaya a nan, da dariya ce kawai. Amma Baba yana kiwon tantabaru, yana son su kamar me. Da kaka, 'Yar Tsafe ta hau inda tukwanensu suke, ta cinye 'yan shila biyu, ta bar masa gashi a bakin zaure. Kun san a wajenmu ba a kashe kyanwa. In ta gagara, sai a sa ta a buhu a kai ta nesa, a tsallaka ruwa da ita don kada ta gane hanya. Baba ya jira ranar da Gwaggo ta tafi biki Karakkai, ya kira maƙwabcinmu Audu mai jakai, wanda ke kai auduga Gusau. Ina zaure da littafina. Kyanwa tana kwance a kan buzu. Baba ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ta, ya rufe. Sai ya kama hannun Audu suka fita gindin tsamiya, ya sunkuya wajen kunnensa. Da hantsi aka tafi da ita.

Gwaggo ta dawo, ta yi sallama a ƙofar ɗakinta, ba a amsa ba. Ba ta tambayi kowa ba sai ni, don ta san ban iya ragewa ba, ban iya ƙarawa ba. Na faɗa mata komai, har da gindin tsamiya.

Ta fito zaure a hankali.

"Isa, an ce raɗa ka yi."

Baba ya hau gyara rawaninsa.

"In ba ta ji, wa kake ɓoye wa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta koma ta ɗaure kayanta a ƙulli, ta dawo ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar zauren, inda Baba yake karɓar baƙi da masu ɗaukar karatu.

"Inda aka kori baƙuwata, ni aka kora. Tare muka zo. A nemo mini jaki, Tsafe zan koma."

Kowa ya san ba ta da kowa a Tsafe. Magada sun raba gidan mijinta tuntuni, ko ɗaki ɗaya ba a bar mata ba. Kuma kowa ya san Gwaggo: in ta ce za ta tafi, ko da rarrafe ne sai ta tafi. Inna ta yi kuka, ta durƙusa, a banza. Duk baƙon da ya shigo ya gaishe ta, sai ta ce, "Lafiya lau, jaki nake jira. Yaron da na goya ya sallame ni." Kafin la'asar, labari ya kai kasuwar Bungudu. Kafin magariba, Baba ya ce gobe zai tafi Gusau.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Amma in ka gan ta kada ka ce mata mus-mus, ba kyanwar juji ba ce. Ka ce, 'Yar Tsafe, na yi kuskure, Gwaggo tana gaishe ki, ki yi haƙuri ki zo mu tafi gida. Kuma ka tafi da Hadiza ta zama shaida. Ita ba ta ƙarya, don maganar ma ba ta dame ta ba."

Ta ba ni lefen nan, ta shimfiɗa tsohon zanenta a ciki.

Wannan ce zuwana Gusau ta farko, amma ban ga komai na garin ba sai gindin katangu da bayan shaguna. Audu ya kai mu masaukin da masu jakai ke sauke kaya, inda ya kwance buhun. Muka yi ta dubawa har rana ta take. Can sai na hango ta a kan katangar masaukin, ta miƙe ƙafafu, har ta ƙara ƙiba.

Baba ya duba hagu da dama, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Mus-mus." Ta lumshe ido. Ya ƙara. Ta juya masa baya. 'Yan dako suka fara tsayawa suna kallon malami da rawani yana zance da katanga.

"Hadiza, ke faɗa mata."

Na buɗe baki, na ga mutane, murya ta ƙi fita. Baba ya dube ni, ya dubi sama, ya gyara rigarsa. Sai ya faɗi saƙon Gwaggo. Kyanwa ta miƙe, ta yi hamma, ta diro, ta wuce shi ta shige lefe.

Wani tsohon ɗan dako ya ce, "Malam, ai ta fi wasu mutanen. An ba ta haƙuri ta haƙura."

Gaskiya ta sa in faɗa muku cewa daidai lokacin da Baba ya fara magana ne na buɗe lefen, zanen Gwaggo kuwa ƙamshin man shanu da daddawa ya kama shi tun kafin a haife ni. Wanne ne ya sauko da ita, maganar ko zanen, har yau ban yanke ba.

Muka iso gida muka tarar da Gwaggo a zaure, ƙullinta a gefe. Ba ta kalli Baba ba. Ta ɗaga kyanwar ta dube ta ido cikin ido.

"Ya faɗa duka?"

Kyanwa ta kaɗa kunne.

"Ta ce ka haɗiye 'na yi kuskure'."

Suka juyo gare ni su biyu. Na so ƙasa ta tsage. Amma an kawo ni shaida ne, sai na ce, "Ya faɗa, Gwaggo. Sai dai ni ma da ke kusa da ƙyar na ji."

Baba ya sake faɗa a zaurensa, da murya sosai. Gwaggo ta ɗauki ƙullinta ta koma ciki, tana ce wa kyanwa, "Bar shi haka, yaro ne."

Daga nan aka zauna lafiya shekaru. An mayar da tukwanen tantabaru kan dogon itace mai santsi. 'Yar Tsafe ta ci gaba da kwana a kan buzun Baba, shi kuma ya koyi zama a gefe ɗaya. Har aka yi mini aure a Bungudu, in na zo ganin gida sai Gwaggo ta ce, "Kin gaida kakarki?" In ban durƙusa wa kyanwa ba, ba za ta amsa tawa gaisuwar ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, na dawo jinya. Ba ta tsoron tafiya. Likkafaninta ma ta tanada tuntuni. Abu ɗaya ya dame ta, duk wanda ya shigo dubiya sai ta tambaye shi: "In na tafi, wa zai riƙa yi wa 'Yar Tsafe magana? Abinci kowa zai ba ta. Magana nake nufi." Kowa sai ya ce, "Haba Gwaggo, ai za ki warke." Sai ta juya fuska wajen bango, ta ce wa kyanwar, "Kin ji su. Wai ke ce ba ki jin magana."

Ta rasu bayan an gama girbin dawa, da rana tsaka, kyanwar tana kwance a ƙafafunta. Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ba ta taɓa barin baƙuwarta a baya ba, Allah kada ya bar ta ita kaɗai.

Amma ba ta tafi da tambayarta ba. Ana gobe za ta rasu, Baba ya shigo ya zauna a bakin gado. Ta yi masa tambayar kamar yadda take yi wa kowa. Ya dubi kyanwar, sannan ya gyara wa Gwaggo mayafi.

"Ni zan riƙa yi mata, Gwaggo, safe da yamma. Amma a cikin gida, ba a gaban mutane ba."