Katafila a Gonar su Morin

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Morin, dattijuwa 'yar Ireland da muka yi maƙwabtaka a bene ɗaya a unguwar Marylebone. Ita ta riƙe mini yara da na kwanta asibiti, ni kuma na yi jinyarta har ta cika. Na so in tuna ta da sanyin rai, amma ɗanta Diklan bai bar ni ba.

Ta taɓa kai ni ƙauyensu. A tsakiyar gonar mahaifinta akwai wani tudu mai ciyawa, manyan duwatsu sun kewaye gindinsa. Ta ce kabarin mutanen da ne, tun kafin Kiristanci ya shigo ƙasar, ba wanda ya san sunansu. Kunyoyin gonar na tsaya ina kallo: su taho a miƙe, da sun iso tudun sai su lanƙwasa su zagaye shi. Haka kakanta ya yi noma, haka ubanta. Ko tsakuwa ba a ɗauka. Na ce, "Tsoron aljanu kuke yi?" Ta yi dariya ta ce, "Kunya dai, Hajiya. Sun riga mu zuwa."

Kwanan baya Diklan ya zo gaishe ni, yana cin tuwona yana nuna mini hotuna a waya. Katafila ta cinye rabin tudun, wai wurin ajiye motocin baƙi zai yi. Na ce, "Diklan, kabari ne fa!" Ya ce, "Haba Anti, ai ba danginmu ba ne." To sai dangi ake jin kunya? Wanda ba shi da mai ziyara, shi ne za a kwashe kamar shara? Da Morin na raye, ko ƙofar gonar direban katafilar nan bai isa ya wuce ba.

Da ya ga fuskata sai ya roƙe ni in yi shiru, don dokar ƙasarsu ta hana taɓa irin wuraren nan. Yaro ne da ya tashi a gabana. Na yi istihara, sannan na kira hukumar da ke kula da kayan tarihi a can. An dakatar da aikin, shi kuma ya daina ɗaukar wayata.

Ban sani ba ko Morin za ta gode mini, uwa ce. Abin da ya rage nata a duniya ɗa guda ne da rabin tudu; na tsare ɗaya, na ɓata da ɗayan. Ban yi nadama ba, ban kuma huce ba. Amma duk Juma'a, in na fito daga masallaci, sai na sake kiransa. Har yanzu bai ɗauka ba.