Takardar da Kawu Muntaka Bai Karanta Ba

Duk wanda ya san Kawu Muntaka a Tudun Wada ya san ba a ganinsa kai babu hula. Ko sharar ƙofar gida zai yi, da ita yake fita. Wuri ɗaya kawai yake cire ta a gaban mutane: wurin aiki, ranar zaman bita.

Shi ne auta a ɗakin kakarmu, Inna Jannatu. Da mahaifinsu ya rasu, aminin marigayin, Malam Kailani, shi ya ɗauke shi. Shi ya fara ɗora hannunsa a kan kwamfuta, shi ya tsaya masa har ya gama karatu, shi ya karɓa masa aure. Da Malam Kailani ya buɗe ofishin rubuta manhajar kwamfuta a wani bene na bakin titi, Muntaka ne ma'aikacinsa na farko. Har suka kai su bakwai, a tsugune yake gaishe shi. Baba yake ce masa, shi kuma yana kiransa Auta.

Muntaka ba gwanin rubuta manhaja ba ne, shi ma ya sani. Baiwarsa ita ce sa mutane su faɗi abin da ke ransu. Duk aikin da aka gama aka miƙa wa mai shi, sai a ware yini guda a waiwaya: me ya tafi daidai, me ya lalace, me za a kiyaye gaba. Shi ke jan zaman. Da farko abin bai yi ba, don wa zai buɗe baki ya ce ga kuskure alhali Malam Kailani yana zaune da furfurarsa? Sai kowa ya ce alhamdulillahi, a sha lemo a watse. Muntaka ne ya kawo dabara: kowa ya rubuta abin da ya gani a 'yar takarda, babu suna, ya jefa a hularsa, shi kuma ya zaro ɗaya bayan ɗaya ya karanta. Doka ɗaya ce, duk abin da ya shiga hula sai an karanta shi.

"Hular nan tana ganin ruwa kuwa?" Suhaibu, mai barkwancin ofis, yakan tambaya yana toshe hanci.

"Jefa kawai, malam. Ta fi rigarka tsafta."

Shekara shida hular tana aiki. Sai wani asibiti mai zaman kansa ya ba su aikin mayar da katunan marasa lafiya cikin kwamfuta. Katunan sun yi yawa, don duk wanda ya ɓatar da nasa sabo ake buɗe masa. Malam Kailani da kansa ya rubuta ɓangaren da ke haɗe su: in suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, a riƙe sabon kati a share tsohon. Idonsa ya fara rauni a lokacin, ya kuma faɗa wa kowa cewa wannan ne aikinsa na ƙarshe da hannunsa.

Ranar bita, takarda ta biyar da Muntaka ya zaro rubutun Rauda ne, matar da ke gwada manhajarsu kafin a miƙa. Ya san hannunta. Ta rubuta: "Mutanenmu da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, ɗaya ga Janairu ake sa musu. Sunayenmu kuma iri ɗaya ne. Haɗe katunan nan zai haɗe mutane daban-daban."

Ya ɗaga kai. Malam Kailani yana murmushi, yana goge tabarau, an gama yaba masa ke nan. Muntaka ya naɗe takardar ya cusa ta a ninkin hula, ya zaro ta gaba. A ransa ya ce wannan maganar ta zaure ce, zai sami Baba shi kaɗai. Ya je sau biyu. Na farko ya tarar da baƙi. Na biyu Baba ya riga shi magana, yana cewa, "Auta, ka ga tsoho bai mutu ba ko?" Sai Muntaka ya yi dariya ya koma gida. Rauda kuwa ta ɗauka an gyara a ɓoye, kamar yadda ake yi wa manya.

Bayan wata biyar, likitan asibitin ya bugo waya. Akwai mata biyu, kowacce Zinatu Ahmadu, kowacce ɗaya ga Janairu. Ɗaya a Tudun Wada take, ɗaya a Dutsen Abba. Ta Dutsen Abba jikinta ba ya karɓar wata allura, an rubuta haka da jan biro a tsohon katinta. Manhajar ta riƙe katin ɗayar ta share nata. An kawo ta da ciwon ƙirji da hantsi, aka duba kwamfuta, aka yi mata allurar. Ba ta kai la'asar ba.

Muntaka ya hau acaɓa ya je ta'aziyya, bai gaya wa kowa ba. Ya zauna a bakin tabarma cikin mutanen da ba su san shi ba. Mijin yana cewa, "Kullum tana faɗa musu da bakinta allurar nan ba ta yi mata. Ranar dai numfashi ne ya hana ta magana. Kwana ya ƙare, shi ke nan." Daga cikin gida ana jin kukan yara. Muntaka ya shafa fatiha, hular tana kansa, takardar tana ciki.

Washegari aka kira zama. Malam Kailani ya riga kowa magana. "Ƙaddara ce. Ma'aikaciyar asibiti ce ba ta tambayi 'yan'uwanta ba. Mu yi mata addu'a mu rufe maganar." Kowa ya ce amin. Muntaka kuwa abu ɗaya yake tunawa: manhajar tana nan tana aiki, kuma ba Zinatu kaɗai aka haifa ɗaya ga Janairu ba.

Ya cire hula ya zagaya da ita. Ta dawo masa babu komai.

"Rauda, ba ki jefa ba."

"Yaya Muntaka, na taɓa jefawa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Hularka tana haɗiye takarda."

Muntaka ya sa yatsa a ninkin hular ya zaro ta, ta yi laushi da gumi. Ya karanta ta daga farko har ƙarshe. Ya faɗi ranar da aka jefa ta. Ya ce shi ya ɓoye, kuma haɗe katunan ne ya kashe matar, ba ma'aikaciyar asibiti ba.

Malam Kailani ya cire tabarau a hankali. "A gaban yara, Auta?"

"Baba, da na karanta a gaban yaran wata biyar da suka wuce, da tana ɗakinta."

Babu wanda ya sha lemo ranar. Malam Kailani ya sa hannu a wasiƙar da aka kai asibitin, aka tsayar da manhajar. Kwana tara suna zaune a ɗakin ajiya na asibitin suna gwada tsofaffin katuna da abin da ke kwamfuta. Suka sami wuri arba'in da ɗaya da aka mayar da mutum biyu mutum ɗaya. A uku daga ciki, rukunin jinin ma ba ɗaya ba ne.

Malam Kailani bai kore shi ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Da Muntaka ya tsuguna gaishe shi ranar da aka gama, sai ya ce, "Lafiya lau, Malam Muntaka." Wata biyu Muntaka ya iya jure jin sunan, sannan ya ajiye aikin.

Yanzu yana koyar da kwamfuta a wani shago a unguwar Kongo. Wasu ofisoshin sukan kira shi ya ja musu zaman bita, yana zuwa. In an gama sai ya juya hular, ya buɗe ninkinta, ya kakkaɓe a gaban kowa. Suna dariya, ba su san dalili ba.

Duk Juma'a yana zuwa gidan Malam Kailani, wanda idonsa ya tafi gaba ɗaya. Yana tsugunawa a zaure ya ce, "Baba, barka da Juma'a." Tsohon yakan juyo wajen muryar ya ce, "Malam Muntaka, an gode." Shekara uku ke nan.