Ranar da Na Amsa Daga Bayan Ƙofa

Watanmu huɗu a birnin Greensboro, ni da jikata, ko hanyar masallaci ban gama riƙewa ba, sai ta shigo da sabon aiki. Jami'arsu za ta tura ɗalibi ɗaya ƙasar Hangari ya yi shekara yana karatun ruwan sha, amma sai wanda ya ci jarrabawar yaren ƙasar da baki. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa.

Ni na raine ta tun tana goye. Ƙofar aji kam ban taɓa takawa ba, amma can gida in na buɗe baki da labari, har mai tallan goro tsayawa yake. Da na ji ta a ɗan gidanmu na unguwar Glenwood tana karanta yaren nan a takarda tiryan-tiryan, in ta ɗaga kai kuma ta ƙame, nan take na gane ciwon.

Na ce, "Ke, ajiye takardar nan. Bango kike wa magana?"

"Kaka, me kika sani a Hangariyanci?"

"Ko kalma. Amma na san mai labari ba ya tafiya sai da mai amsa masa. Zuba, ni zan amsa."

Sati shida muka yi a haka. Tana wanke-wanke tana zubawa, muna jiran bas tana zubawa. Duk inda ta yi shiru in ce, "To, sai me?" sai ta ɗora. Har bakina ya saba.

Ranar jarrabawa da hantsi ta kafa kwamfuta a ɗakinta, malamar da za ta jarraba ta tana can Hangari. Doka ce: in aka ji muryar wani, an soke.

"Kaka, don Allah ko tari."

"Ni za ki koya wa shiru? Shige, mara kunya."

Na jawo kujera bayan ƙofa, na riƙe carbi. Da fari ta tafi sumul. Can malamar ta yi wata doguwar tambaya, sai ɗakin ya yi tsit. Na ja carbi goma, shiru. Na ja ashirin. Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba, da ƙarfi kuwa: "To, sai me?"

Muryar malamar ta canja. Ƙofa ta buɗe, jikata na tsaye.

"Tana tambaya wane ne ke ba ni amsa. In ban nuna mata ba, yanzu za ta rufe."

Na gyara mayafina na shiga, don ban yi sata ba. Wata mai furfura ce da tabarau a fuskar kwamfutar, ta ajiye biro. Ta dube ni ta yi mini yarensu. Na ce, "Lafiya lau, ya aiki?" Ko murmushi ba ta yi ba.

Jikata ta fara bayani da Turanci, matar ta ɗaga hannu ta tare ta. Da Hangariyanci take so. Yarinya ta juyo gare ni, idonta taf da hawaye. Na dafe bakina da tafin hannu, na zuba mata ido kamar yadda nake yi a kicin, na gyaɗa kai.

Sai ta fara. Tana nuna ni, tana nuna ƙofa, har ta kwaikwayi muryata. Ta yi tuntuɓe, ta tashi, ta ɗora. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba.

Matar ta ɗauki bironta ta faɗi wani abu gajere.

"Kaka, ta ce ki fita. Daga gidan gaba ɗaya."

Ni da ko surukai ba su taɓa kora ta ba! Na fita ko takalmi babu, na tsaya a baranda cikin sanyi, 'yan makaranta na wucewa a kekuna suna kallona. Ban motsa ba sai da jikata ta leƙo ta ce an gama, ba a soke ba.

Kwana tara ba ta ci abincin kirki ba, ni ma haka, ba kuma wanda ya tayar da zancen. A rana ta goma ta shigo ta tsaya a kaina da waya a hannu, ta yi shiru. Na ƙi tankawa.

"Kaka, ki faɗa mana."

"Na tuba da wannan."

"Don Allah."

Na ce, "To, sai me?"

Ta ce, "Sai ki taya ni neman rigar sanyi. An ce sanyin Hangari ya fi na nan."