Jan Bik a Kayena

Shekarun baya, ina aji huɗu a wata lakwal, makarantar boko, kusa da Zongo, aka kawo sabuwar doka: duk Juma'a sai uba ya duba kayen ɗansa, wato littafinsa na rubutu, ya sa hannu. Mahaifina direba ne, rabin wata yana hanyar Yamai, don haka aikin ya faɗa kan mahaifiyata, wadda ba ta taɓa taka ƙofar aji ba.

Ba ta karanta Faransanci, amma ta samo nata ma'aunin. Ta taɓa ganin kayen ɗan maƙwabta da aka kora, duk jan bik, wato rubutun jan biro. Shi ke nan, ja ya zama faɗuwa a wurinta. Ni kuwa ba shafin da malaminmu bai yi wa ja ba. Na rantse mata yabo ne, ta ƙi yarda. Ban ga laifinta ba, a satin nan na ce akuya ce ta cinye mata ƙuli-ƙuli.

Da mahaifina ya dawo ya ji labari, ya ce tunda boko ya ƙi ni, in bi shi mota in koyi tuƙi. Na yi kuka har na gode Allah, don ina son lakwal ɗin nan.

Ranar Litinin ta yafa mayafinta, ta riƙe hannuna har cikin aji, ta durƙusa gaban malamin. Shi Bamoshe ne, sai ta roƙe shi da Mosancin da ta koya a kasuwa, tana ce masa Mushe yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, ku yi haƙuri da shi. Kansa ne da nauyi, amma yana da ladabi."

Ya buɗe kayen, ya nuna mata jan nan layi-layi. "Mama, wannan duk 'da kyau' ne. Shi ne na biyu a aji."

Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Na biyu? Wa ya hana ka na ɗaya?"

Ba a sake zancen mota ba. Daga baya ma ita ke tara matan unguwa zuwa taron iyaye.

Yanzu sakamakon ɗiyata ta waya yake zuwa, ni da matata mu duba a tsaitsaye, wani lokacin in ji kunyar kaina. Kakarta kuwa ba ta yarda da waya ba. Duk Juma'a sai an kai mata kayen a hannu, ta bi shi shafi-shafi, tana neman ja.