Man tsire da sabuwar wayar Harouna

Shekara ashirin da shida Harouna yana gasa tsire a unguwar Treichville ta Abidjan, kusa da tashar jirgin ruwa, kuma ban taɓa ganin hannunsa babu maiƙo ba. Shagon ɗinkina yana kallon teburinsa. Mutumin Tahoua ne, ba ya son surutu. In ka ce namansa ya yi tauri, sai ya kalli haƙoranka kawai.

Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, ya ɗaure bayanta da roba. Kira ɗaya ne ya dame shi a duniya. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mahaifiyarsa Tabawa takan ari wayar maƙwabciyarta, ta tsaya gindin rumbu, wurin da kaɗai sabis ke kamawa a ƙauyensu, ta kira shi. Sau ɗaya take kira. In bai ɗauka ba sai wata Juma'ar. Shi kuwa da gwiwar yatsa yake danna maɓallin, ya maƙale wayar a kafaɗa, yana juya nama yana cewa “to Inna, to Inna”.

Sai raɗe-raɗi ya tashi cewa za a rufe tsohon sabis, ƙananan wayoyi su daina aiki. Wani ya ce ƙarshen shekara, wani ya ce ƙarya ce. 'Yarsa Huda, haifaffiyar Abidjan, ta ce, “Papa, rezon ka ya tsufa. Sankije na zuwa,” wato sabis ɗinsa ya tsufa, 5G na tafe. Ya tambaye ta yaushe. Ta ce ba ta sani ba.

Sau uku yana zuwa Adjamé wurin Jabiru mai sayar da wayoyi. Zuwan farko Jabiru ya ce ya sayi mai 4G, ta ishe shi. Na biyu ya ce gara mai 5G, kada ya sake dawowa baɗi. Na uku Harouna ya ce, “Kai dai gaya mini gaskiya, za a rufe ko ba za a rufe ba?”

Jabiru ya ce, “Wallahi Baba, ni ma kiliya masu zuwa sayen waya ne ke kawo mini labarin.”

Harouna ya yi wata uku yana auna maganar. Abin da ya kasa jurewa shi ne tsohuwa ta tsaya gindin rumbu ta ji shiru. Ya sayi babbar waya mai gilashi, Huda ta mayar masa da layinsa ciki, ta koya masa jan koren alamar da yatsa. A gida ya gwada sau goma, sau goma ta amsa.

Ranar Juma'a ina zaune na ji wayar ta yi ƙara. Harouna ya ja yatsa, ba ta motsa ba. Ya sake ja, sai ga layin mai da yaji a kan gilashin. Ya goge hannu a rigar aikinsa, wadda ta fi hannun maiƙo. Ya gwada gwiwar yatsa, ya gwada babban yatsa. Wani mai sayen nama ya miƙa hannu zai taimaka, shi ma ya riga ya ci tsinke biyu. Ƙarar ta tsaya.

Ya wanke hannu ya kira lambar. Ba ta shiga ba, maƙwabciyar ta riga ta bar gindin rumbu. Ya kira ranar Asabar, ya kira Lahadi. Makon nan naman Harouna ya ƙone sau biyu, abin da ban taɓa gani ba, kuma na tausaya masa sosai ko da yake ban nuna ba.

Juma'ar da ta biyo bai hura wuta ba. Ya sa sabulu ya wanke hannu sau uku, ya zauna a benci ya ɗaga hannuwan sama kamar likita. Mutanen da suka sauko daga jirgi suka taru suna tambayar nama, ya ce su dakata. Ƙarfe biyu da rabi wayar ta yi ƙara, ya ja, ta amsa. Bai san ya taɓa wurin ƙara murya ba, don haka duk muka ji.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi jikoki, ta tambayi ruwan sama. Sannan ta ce, “Wancan makon na ce ko ka gaji da ni ne. Na ce ba laifi, shekarun da yawa.”

Masu jiran nama kowa ya kalli takalminsa.

Yau shekara guda ke nan. Har yanzu ƙananan wayoyi suna aiki a unguwarmu, kuma har yanzu ana cewa za a rufe. Juma'a bayan masallaci ita ce lokacin da ya fi ciniki a mako, amma Harouna ba ya taɓa nama sai Inna ta gama magana.