Kumatun da Suka Hana Ni Komawa Gida

Har yau in na ji ƙamshin wagashi, cukun nan na Fulani, yana soyuwa a mai, sai in tuna abin da ya same ni ina yarinya.

Ina shekara tara kamiyon da Baba ke tuƙawa, babbar motar kaya, ya kife da shi a hanyar Jugu. Da Inna ta fita takaba ta kawo ni daga Jugu zuwa Paraku, unguwar Ladjifarani, wurin Goggo, yayar Baba. Inna ta yi mini alkawari, in ta dawo ta tarar ba na jin daɗi, za ta tafi da ni.

Goggo wasa-wasa, dambun garin doya, da wagashi take sayarwa a ƙofar gida. Ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya hutawa, mijinta kuwa in ya daka tsawa har fitsari nake saki. A lakwal, wato makarantar boko, ana dukana don Faransanci ya ƙi shiga kaina. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Sai na gano in na laɓe bayan madafa ina cusa ƙanzo da gutsuren wagashi, ƙirjina yakan daina bugu. Ko a ƙoshe nake sai na ci, ina ci ina hawaye.

Da damina ta faɗi Inna ta zo. Tun da safe na ƙulle kayana a ɗankwali. Ta sauko daga babur, ta kama kumatuna da hannu biyu tana dariya.

"Kai, Yaya, Allah ya saka da alheri! Dubi yadda ta murje. Ina can ina ramewa da tunaninta, ashe daɗi take ji."

Ka ga, a wurinmu yaron da ke cikin damuwa ramewa aka san yana yi. Na buɗe baki, na ga Goggo tsaye, na rufe. Da la'asar Inna ta koma Jugu ita kaɗai. Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan nan.

Yanzu ga ƙiba, ga tansiyo, wato hawan jini, ga ciwon sukari, sallah ma a zaune nake yi. Amma ba wannan ke tsorata ni ba. Tun da mijina ya tafi Kwatano bai sake waiwayarmu ba, 'yata ta fari ta daina hira, riguna suka soma matse ta. Maƙwabta sai yaba mini suke yi, wai na iya kiwo. Jiya na ja ta ɗaki na ce ta faɗa mini abin da ke damunta.

"Ba komai, Mama."

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, har na durƙusa a gabanta da gwiwoyin nan nawa masu ciwo. Ta kalle ni, ta tambaye ni ko akwai sauran shinkafa a tukunya.