Iyakar da Yayata ta Gindaya

Kun taɓa ganin wadda aka kusa kora saboda haɗamar wasu? Yayata ce, shekararta goma sha ɗaya tana kula da bayanan ruwan sama a cibiyar bincike. Kowane mai bincike sai ya nemi bayanan kaf, na'urar da ke ajiye su ta tsaya cik. Sau tara a wata guda, na ƙirga! Amma ita aka ba takardar gargaɗi.

Ta tara sassa bakwai na cibiyar, suka amince mai nema ya faɗi gari da shekara, a ba shi wannan kaɗai.

Wani farfesa ya taso mata: "Ke za ki yi mini iyaka?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko mai awo sai ka gaya masa mudu nawa."

Wata huɗu na'urar ba ta tsaya ba, kuma har yau ba wanda ya ba ta haƙuri. Ku gwada a ofishinku, amma kowa ya sa hannu.